Yadda Ake Ɗanɗana Kunun Zaƙi a Gane Ingancinsa

Kunun zaƙi yana cikin abubuwan shan da kowa yake ganin ya sani, amma kaɗan ne suke iya faɗin abin da ya sa na wannan gida ya fi na wancan. A Birnin Kebbi da Argungu da Jega, daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yakan haura digiri 40, mutum yana karɓar gorar kunu ne yana fama da ƙishirwa, ya kafa kai ya shanye, abin da harshensa ya ji kuwa bai wuce sanyin ƙanƙara da sukari ba. Waɗannan biyun suna iya rufe kusan kowane aibi, tun daga gafin ƙullun da bai nuna ba har zuwa tsamin kunun da ya kwana biyu. Saboda haka wanda zai ba da aikin kunun biki ko na suna, da mai shagon da yake karɓa daga hannun masu damawa yana sayarwa, da matar da ta fara sana'ar tana son ta san inda hannunta ya tsaya, duk suna buƙatar su ɗanɗana shi da tsari, ba da ƙishirwa ba.

Sanin abin da ke cikin kofin

Ba a iya yanke wa kunu hukunci sai an san yadda aka yi shi, domin kowane aibin da harshe zai tarar yana da matakin da ya fito daga cikinsa. Ana jiƙa gero ko dawa, wani lokaci a sirka da masara, ya kwana a ruwa, a wanke, a rege, a markaɗa tare da citta da kanumfari da ɗan barkono, wasu su ƙara masoro ko kimba. Sai a raba ƙullun kashi biyu. Kashi mai yawa a dama shi da tafasasshen ruwa har ya yi kauri ya nuna, a bar shi ya sha iska, sannan a zuba masa ƙaramin kashin da ba a dafa ba, wanda aka markaɗa da tsiron shinkafa ko busasshen dankalin Hausa, ko duka biyun. A juya, a rufe, a bar shi ya kwana. Da safe a tace, a zuba sukari idan ana so.

A wannan kwanan ne kunu yake zama na zaƙi. Hatsin da ya tsira yana ɗauke da wasu sinadarai masu farfasa sitaci su mayar da shi sukari, dankalin Hausa ma yana da irinsu, shi ya sa kunun da aka rufe da kauri ake buɗe shi da safe a tarar ya tsinke ya yi zaƙi ba tare da an sa masa komai ba. Waɗannan sinadarai sun fi aiki a ɗumin da yake tsakanin digiri 55 zuwa 70. Idan aka zuba tsiron a kunun da yake tafarfasa, zafi zai kashe su, kunu ya wayi gari da kaurinsa kuma babu zaƙi. Idan kuma aka bari ya huce sarai kafin a zuba, aikinsu zai yi nawa, tsami ya riga zaƙi isowa. Tsamin kuwa aikin ƙwayoyin halitta ne, dangin waɗanda suke mayar da madara kindirmo, kuma ana son kaɗan daga cikinsa.

A Kebbi ba a rasa abin yin tsiro, domin fadamun Argungu da Suru da Bunza da Yauri suna fitar da shinkafa rani da damina. Abin lura kawai shi ne, shanshera ce take tsira, wadda aka turara ko aka cashe ba ta tsira. Masu yi da tsiron dawa kuma wajibi ne su shanya shi ya bushe sosai, su murje saiwar da hudar su sheƙe, domin ɗanyen tsiron dawa yana da guba, irin wadda makiyaya suke tsoro idan shanu suka faɗa wa gyauro. Ni dai na fi son tsiron shinkafa, zaƙinsa ya fi tsabta kuma ba ya jawo ɗaci.

Shirin da ake yi kafin a kai kofi baki

Mataki na farko roƙo ne, kuma shi ne ya fi kowane muhimmanci a duk wannan bayani. A roƙi mai kunun ta ɗebi kamar rabin lita ta ajiye gefe bayan ta tace, kafin ta zuba sukari ko ƙanƙara. Wannan shi ne kunun nata na ainihi, a cikinsa ake ganin ko tsiro ya yi aiki ko kuwa sukari ne yake ɗauke da nauyin komai. A karɓi kuma wanda ta gama haɗawa kamar yadda take sayarwa, a tambaye ta lokacin da ta tace, a rubuta. Kunun da aka tace da asuba da wanda aka tace jiya da la'asar ba sa'o'in juna ba ne, kwatanta su zalunci ne ga ɗaya daga ciki.

A tanadi kofunan gilashi masu haske iri ɗaya, a wanke su a ɗauraye har warin sabulu ya fita. Kofin roba yana riƙe warin abin da aka sha da shi a baya, kofin silba yana hana a ga launi, ƙwarya kuwa, duk da daɗin sha da take da shi, tana ba kunu nata ƙamshin. A ajiye ruwan sha mara sanyi domin kuskure baki, da cokali mai tsabta, da takarda da biro. Idan kunun gida biyu ko uku za a gwada, a sa wani ya zuba su a inda ba a gani, ya sa wa kofunan alama, ya riƙe sunayen a wurinsa, domin wanda ya san cewa wannan na ƙanwar mahaifiyarsa ne ba zai ji tsaminsa ba. Kada a haɗa fiye da huɗu a zama ɗaya, saboda citta da barkono suna gajiyar da harshe da wuri.

Shi ma mai ɗanɗanon yana da nasa shirin. Ya nisanci goro da taba da shayi da man goge baki na kimanin rabin sa'a, kada ya shafa turare, kada kuma a zauna a ɗakin da aka yi turaren wuta ko kusa da madafa ana suya. Ya sha ruwa ya ƙoshi tukuna. Hantsi ya fi dacewa, lokacin da karin kumallo ya faɗa kuma yunwar rana ba ta taso ba. Wanda yake neman mai yi masa kunun buɗa-baki ya yi gwajinsa tun cikin Sha'aban, domin babu kunun da ba shi da daɗi a bakin mai azumi bayan kiran magariba.

Sanyin kunun ma a daidaita shi. Sanyi mai tsanani yana danne ƙamshi kuma yana rage jin zaƙi, don haka wanda aka ciro daga firij ko daga cikin kula a bar shi ya yi minti goma ko sha biyar a waje, har ya dawo sanyin ruwan randa ko ƙasa da haka kaɗan. Kada a jefa ƙanƙara a cikin kofin.

Dubawa da ido

Kafin a girgiza gorar a dube ta a tsaye. Kunun zaƙi yana kwantawa, wannan ɗabi'arsa ce, ba aibi ba ne a ga ruwa-ruwa a sama da farin ƙullu a ƙasa. Abin da ake dubawa shi ne yawan ruwan saman: idan ya kai rabin gora, an sirka kunun da ruwa fiye da kima. A matsa jikin gorar da yatsa, idan ta yi tauri ta kumbura, ko ta yi huci da aka kwance murfin, to iska ta taru a ciki, za mu dawo kan ma'anar hakan. Sannan a girgiza a hankali, a zuba kamar sulusin kofi, a ɗaga shi wajen haske. Na gero yakan yi fari mai sirkin toka, na jar dawa yakan yi ja-ja mai duhu, na kaura yakan ɗan yi rawaya. Babu launin da ya fi wani, sai dai ya dace da hatsin da aka ce an yi da shi. Baƙaƙen ɗigo masu yawo, da gudaji, da dusar da take mannewa a jikin gilashi, duk suna nuna tata ce ba ta yi kyau ba. Kumfar girgizawa tana bajewa nan da nan, wadda kuwa take ci gaba da tasowa daga ƙasan kofi bayan an ajiye shi ba ta girgizawa ba ce.

Shinshinawa

A nan ya kamata a daɗe, domin mafi yawan abin da muke kira ɗanɗano hanci ne yake jin sa, shi ya sa mai mura yake cewa abinci ya yi masa salam. A rufe bakin kofin da tafin hannu, a jujjuya shi sau biyu ko uku, a buɗe, a shaƙa gajeren shaƙa, a janye hanci, a sake. Dogon shaƙa ɗaya yana toshe hanci ne kawai. Abin da ya kamata ya fara isowa shi ne ƙamshin hatsin da ya nuna, mai gardi, sai citta ta biyo baya, kanumfari kuma ya tsaya can nesa. Idan kanumfari ne ya yi sallama tun kafin kofi ya iso hanci, an cika shi, kuma sau da yawa ana cika shi ne domin a ɓoye wani abu.

Warin da ake nema a tabbatar babu shi iri-iri ne, kowanne da tushensa. Warin hunhuna, irin na rumbun da ruwa ya shiga, daga hatsin yake, kuma wannan ba batun daɗi ba ne kaɗai, domin hatsin da ya yi hunhuna yana iya ɗauke da gubar da dafuwa ba ta kashewa. Kunun da aka ji masa wannan wari a ajiye shi, ba sai an kai baki ba. Ɗoyin jiƙo, mai kama da ruwan tsari da ya kwana biyu, yana nuna an bar hatsi a ruwa ya wuce lokaci ko ba a sauya ruwan an wanke shi sosai ba, abin da yake saurin faruwa a bazara. Ƙauri daga tukunya yake ko daga hayaƙin icen da aka tafasa ruwa da shi, kaɗan daga hayaƙin wasu suna so, amma ƙauri aibi ne. Akwai kuma warin da injin markaɗe yake bari: idan an markaɗa tattasai da albasa ko wake kafin a zuba geron, ba a ɗauraye injin ba, hancin da ya natsu zai ji su a cikin kunun. Warin fetur ko na sabulu ko na lemon kwalba kuwa daga jarka ko gorar da aka sake amfani da ita yake.

Sai wari guda biyu da suke nuna kunu ya fara barin gida. Na farko warin khal ne, wato binega, mai tsinin da yake sukan hanci. Na biyu warin ƙullin burodin da ya tashi, wanda yake tafe da waccan kumfar mai tasowa da kumburin gora. Wannan aikin yis ne, yana cin sukarin da tsiro ya samar yana fitar da iska da barasa. Ai da dawa da tsiro ake yin burukutu, bambancinsa da kunu a yawan kwanaki da irin sarrafawa yake. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin sha, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage ya bayar ko a zubar. Kunun zaƙi a zafin Kebbi ba ya kai wannan tsawon, idan babu firij da wuya ya wuce kwana ɗaya bai juya ba, don haka hanci ne abin dogaro, ba lissafin kwana ba.

Kurɓa

A fara da wanda ba a sa wa sukari ba. A kurɓi kamar cikin cokali biyu, a riƙe shi a baki, a zagaya da shi ko'ina na ɗan lokaci, a haɗiye, sannan a rufe baki a fitar da numfashi ta hanci, domin ƙamshin da yake tasowa daga maƙogwaro ya bambanta da wanda aka ji a kofi. Kurɓin farko na share fage ne, kada a yanke hukunci da shi. Na biyu da na uku su ne shaidu.

Zaƙin tsiro ba ya gaggawa. Yana zuwa a hankali, ba shi da ƙarfi, yana tafe da gardin hatsi, kuma idan ya wuce ba ya barin ƙishirwa. Kunun da ya yi kyau ana iya shan sa a haka, ko da mutum zai so a ƙara masa ɗan sukari. Idan kuwa aka ji shi lami, kamar ruwan gasara, to tsiron bai yi aiki ba, ko dai ya tsufa, ko an zuba shi a kunu mai zafi, ko kuma ba a sa shi ba sam. Irin wannan kunun, ko nawa aka zuba masa na sukari, sunansa koko mai sanyi. Gafi, wato ɗanɗanon ɗanyen ƙullu da yake manne wa dasashi, yana nuna ruwan damu bai tafasa sosai ba ko ɗanyen kashin ya yi yawa. Zaƙin dankali kuma ana gane shi, ya fi na tsiro nauyi, yana da ɗan ɗanɗanon ƙasa, idan ya yi yawa yakan danne hatsin.

Tsami shi ne wurin da masu ɗanɗano suka fi saɓani, kuma a ganina a nan ake gane gwana. Kunun da ba shi da tsami ko kaɗan yana ginsa da wuri, ba a iya shan kofi biyu. Tsamin da ake so mai laushi ne, yana bayyana a gefen harshe bayan zaƙi, ya wanke baki ya wuce. Wanda ba a so shi ne mai kama haƙora, mai sa a yamutsa fuska, ko mai tsikarin harshe kamar an zuba lemon kwalba. Na farko shaida ce cewa kunu ya kwana yadda ya kamata, na biyu shaida ce cewa ya wuce lokacinsa ko kwanon da aka rufe shi a ciki yana ɗauke da tsamin na jiya.

Yaji kuma a maƙogwaro ake auna shi. Citta mai kyau tana ɗumama maƙoshi bayan an haɗiye, ba ta ƙona leɓe. Barkono idan ya yi yawa yana sa tari da maƙaƙi, kanumfari yana kashe harshe ya bar shi kamar an shafa maganin haƙori, kimba kuwa ɗaci take kawowa. A tuna da waɗanda za su sha: kunun walimar maza yana ɗaukar citta fiye da na taron suna da yara za su cika.

Bayan an kuskure baki an ɗan huta, sai a ɗauki mai sukarin. Tambaya ɗaya ce a nan, shin sukarin ya ɗaga abin da aka ji a na farko ne ko ya binne shi. Idan har yanzu ana jin hatsi da ɗan tsamin nan, an sa daidai. Idan zaƙi kaɗai ake ji, an cika. A kuma jira bayan haɗiya a ƙirga har talatin, domin a nan sakarin, wato sinadarin zaƙin da ake sawa a madadin sukari, yake tona kansa. Zaƙinsa ya ninka na sukari kusan sau 300, shi ya sa wasu masu sayarwa suke komawa gare shi idan sukari ya yi tsada, amma yana barin ɗaci mai ɗanɗanon ƙarfe a can bayan harshe, kuma zaƙin nasa yana daɗewa a baki fiye da kima. Akwai wata alama kuma: sukari yana ƙara wa kunu ɗan nauyi, don haka kunun da ya yi zaƙi ƙwarai amma yake tsululu a baki abin zargi ne.

Nauyinsa a baki

Kaurin kunun zaƙi kamar na madarar shanu da ba a sirka ba yake, yana lulluɓe harshe ya wuce ba tare da an ji ana haɗiyar koko ba. A murza harshe da ganɗa a ji ko akwai gari-gari, a ɗan haɗa haƙora a ji ko akwai ƙasa, wadda take nuna ba a rege hatsin ba. Bauri, wato bushewar baki bayan haɗiya, ya fi zuwa daga jar dawa da ba a surfa ba, kaɗan daga cikinsa ba laifi. Yauƙi kuwa babu kaɗan a cikinsa: a tsoma cokali a ɗaga, idan kunun ya biyo shi da zare, ya lalace, a zubar. Zartsi ko galmi daga ruwan yake, kuma ya kamata a tambayi mai kunun da wane ruwa take tacewa, domin ruwan damu ya tafasa, amma ruwan tata da na ƙanƙara sau da yawa ɗanye ne, kuma ta nan ciwon ciki yake shiga.

Jira da sake gwadawa

Kada a zubar da ragowar kofin. A rufe shi a bar shi ya yi minti ashirin har sanyin ya fita, a sake shinshinawa a sake kurɓa, domin abin da sanyi ya ɓoye yanzu zai fito. Wanda zai ba da aikin biki yana da ƙarin gwaji: ya ajiye gora ɗaya a inuwa, ba a firij ba, ya riƙa ɗanɗanawa bayan kowace sa'a biyu yana rubuta lokacin da tsami ya fara kama haƙora. Kunun da aka tace da asuba, a sha shi bayan la'asar a ƙarƙashin rumfa, sai ya yi kusan sa'a goma a waje, kuma wanda ya fi daɗi da hantsi ba lalle ne shi ya fi jurewa ba. Wanda aka yi da tsabta, a kwano wankakke, shi yake kai yamma.

Mai sana'ar da take son ta sauya wani abu, misali ta rage sukari ko ta koma daga gero zuwa dawa saboda tsada, tana iya gwada ko masu saye za su lura. A zuba kofi uku, biyu daga tsohon haɗi ɗaya daga sabo, a ba mutum ya nuna wanda ya bambanta. Ko da ka ya faɗa, yana da damar dacewa sau ɗaya cikin uku, saboda haka a gwada da mutum goma sha biyu ko fiye, ana sauya jerin kofunan. Idan waɗanda suka dace ba su wuce huɗu ko biyar ba, bambancin bai kai a damu da shi ba. Idan sun kai takwas ko tara, masu saye ma za su ji.

Ba da maki da isar da magana

Rubuta maki yana hana wanda aka sha a ƙarshe ya cinye sauran don kawai shi ne a baki. A Amurka, alƙalan gasar masu dafa giyar sha'ir a gida suna raba maki 50 kamar haka: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, nauyi a baki 5, gamsuwa gaba ɗaya 10. Abin shansu ba namu ba ne, amma rabon yana da hankali, musamman yadda aka ba ido kaɗan aka ba hanci da harshe mai yawa. Ga kunu zan gyara shi kaɗan, in ɗebi biyar daga makin gamsuwa in ba jurewa, in kuma raba makin ɗanɗano gida biyu, goma ga mara sukari goma ga mai sukari. A gefen kowane maki a rubuta dalili da kalma biyu ko uku, kamar "citta ta yi yawa" ko "gafi kaɗan", domin bayan mako guda lambar ba za ta tuna wa kowa komai ba. Hunhuna da yauƙi da warin yis ba sa shiga lissafi, duk kunun da aka samu da ɗayansu ya fita, ko da ya cinye sauran makin. Idan mutum uku ne suke ɗanɗanawa, kowa ya rubuta nasa kafin a buɗe baki, in ba haka ba babban cikinsu zai yi magana sauran su ce haka ne.

Isar da sakamakon ga mai kunun yana buƙatar ladabi, musamman idan ta girme ka ko ta shekara ashirin tana wannan aiki. Ba a cewa kununta ba daɗi. A fara da gaisuwa da abin da ya yi kyau, sannan a kawo aibin a matsayin tambaya game da matakin da ya haifar da shi: "Inna, sannu da aiki, ƙamshin geron nan ya fito. Tsiron da kika sa na bana ne kuwa? Na ji kamar zaƙinsa bai kama sosai ba." Sau da yawa ita da kanta za ta ce ai ranar ta yi sauri ta zuba da zafi, ko mai injin ne bai wanke ba. Idan an daidaita za a ba ta aikin, a yi magana a fili kan hatsin da za ta yi da shi, da mudu nawa, da cewa sukari za ta sa ba sakarin ba, da ruwan da za ta tace da shi, da lokacin da za ta tace. A kuma nemi ta kawo shi a jarkoki masu murfi a jera su cikin ƙanƙara daga waje, kada a fasa ƙanƙarar a cikin kunun, sannan a ware gora ɗaya daga abin da ta kawo ranar bikin, a ɗanɗana ta kafin a fara rabawa.